Na haɗa laftof da talabijin, amma hoton dishi-dishi: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta. Na sayi talabijin mai inci 43 don ɗalibai su riƙa ganin abin da nake yi a laftof ɗina, musamman a darasin Excel. Na haɗa su da wayar HDMI, hoto ya fito, amma rubutu ba ya karantuwa da kyau, gefen allon ya yanke har ba na ganin layin ƙasa na Windows sosai, launin kuma kamar ya koɗe. Idan na kunna dikoda a talabijin ɗin, hoto garau yake fitowa. Wani ya ce in sayi wayar HDMI mai tsada. Ina neman shawara.

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Daga alamomi ukun da ka lissafa, babu ko ɗaya da ke nuna laifin waya. HDMI lambobi take ɗauka, ko dai su isa lafiya ko su kasa isa. Idan waya ta lalace ko ta yi tsawo da yawa, abin da za ka gani shi ne hoto yana ɗaukewa yana dawowa, ko wasu fararen ɗigo suna ƙyalƙyali a allo, ko talabijin ya ce babu sigina. Ba ta sa rubutu ya yi dishi-dishi, ba ta yanke gefen allo. Waya ta dubu biyu da ta dubu ashirin, in dai duk suna aiki, hoto ɗaya za su ba ka.

Asalin matsalar ita ce an ƙera talabijin don kallon fim da ƙwallo daga nesa. Saboda haka duk hoton da ya shiga cikinsa sai ya taɓa shi: ya ɗan faɗaɗa shi, ya ƙara masa kaifi, ya rage bayanan launi, ya gyara motsi. A fim ba ka lura, wani lokaci ma kyau yake ƙarawa. Amma harafin Excel siriri ne ƙwarai, wani layin faɗinsa ɗigo ɗaya tak. Da zarar talabijin ya ja shi ko ya matse shi, ya ɓaci. Aikin da ke gabanka duka shi ne ka sa kowane ɗigo da kwamfuta ta aiko ya sauka a kan ɗigo ɗaya na allon talabijin, sannan ka hana talabijin yin shisshigi a kansa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyar kaiwa ga wannan ne.

Fara da maɓallin Windows da harafin P, ka danna su tare. Zaɓi huɗu za su fito a gefe. Ina kyautata zaton a kan Duplicate kake, wato allo biyu suna nuna abu ɗaya. A wannan yanayi Windows kan nemi girman hoton da duka biyun za su iya ɗauka. Laftof da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu, musamman na hannu, allonsu ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsaye. Talabijin mai inci 43 kuwa galibi 1920 da 1080 ne, ko ma 3840 da 2160 idan 4K ne. Ka lissafa: na farko ɗigo miliyan ɗaya ne da ɗan ɗoriya, na biyu miliyan biyu da ɗoriya, na uku ya haura miliyan takwas. Idan aka aika hoton miliyan ɗaya zuwa allon miliyan biyu, dole talabijin ya ƙirƙiro sauran da kansa, kamar wanda ya kai hoton fasfo aka buga masa shi a girman kalanda. Ka koma kan Extend ko Second screen only. Na farkon zai sa talabijin ya zama allo na biyu mai zaman kansa, sai ka ja tagar Excel zuwa can. Na biyun zai kashe allon laftof ya bar talabijin kaɗai. Ga mai koyarwa na fi son Extend, domin kana iya ajiye bayanan darasinka a laftof, ɗalibai kuma su ga abin da ka tura musu kawai.

Bayan haka ka danna dama a fuskar kwamfuta, ka shiga Display settings, ka zaɓi allon talabijin, yawanci shi ne mai lamba 2. A wurin Display resolution ka sa ainihin girman allon talabijin. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Windows kan rubuta Recommended a gaban girman da talabijin ya shaida mata, amma ba kowane talabijin ke faɗin gaskiya ba. Yawancin masu inci 32 da aka rubuta musu HD Ready, allonsu 1366 da 768 ne, amma suna karɓar sigina ta 1920 da 1080 su matse ta. Sai mutum ya zaɓi lamba mafi girma yana ganin ita ce mafi kyau, rubutu kuma ya cakuɗe. A irin wannan talabijin 1366 da 768, ko 1360 da 768, shi ne daidai, ko da abubuwa za su yi girma a allo. Haka kuma akwai talabijin marasa sanannen suna da ake liƙa wa tambarin 4K alhali karɓar siginar kawai suke yi, allon bai kai ba. Ka duba lambar samfurin da ke bayan talabijin ɗinka, ka nemi bayaninsa, ka san ɗigo nawa ne a allon da gaske. Kada ka dogara da kwali.

Kafin ka fita daga nan, shiga Advanced display ka duba Refresh rate, wato sau nawa ake sabunta hoto a daƙiƙa. Ya kasance 60 ko 50. Idan ka ga 30 ko 29 ko 25, musamman da kalmar Interlaced a gaba, ka canza. Interlaced tsohon tsarin tashoshin talabijin ne da ke aiko rabin layuka a lokaci ɗaya, kuma shi ke sa siraran layuka rawa.

Yanzu mu zo kan gefen da ya yanke, domin a ganina shi ne babban mai laifi a wajenka. Sunansa overscan, kuma gado ne daga zamanin talabijin mai ƙeya. A wancan lokaci gefen hoton da tashoshi ke aikowa ba ya da tsabta, sai masu ƙera talabijin suka riƙa faɗaɗa hoto kaɗan don dattin ya faɗa waje. Talabijin na zamani da yawa sun ci gaba da wannan ɗabi'a, suna yanke kusan kashi biyar cikin ɗari. Ɓarnar iri biyu ce. Wadda ka gani ita ce layin ƙasa ya ɓace. Wadda ba ka gane ba ita ce, tunda an faɗaɗa hoton, ko da ka sa 1920 da 1080 daidai, ɗigo ba ya sauka a kan ɗigo, don haka kowane harafi ya samu inuwa. Maganinsa yana a rimot, ba a kwamfuta ba. Ka nemi saitin girman hoto, Picture Size ko Aspect Ratio. A Samsung ana kiran zaɓin da kake nema Screen Fit ko Fit to Screen, a LG Just Scan, a Sony Full Pixel. Wasu kamfanoni sukan rubuta Dot by Dot, ko 1:1, ko kuma Overscan da za ka kashe. Zaɓin 16:9 kaɗai bai isa ba, a talabijin da yawa yana ɗauke da yankan a cikinsa.

Akwai abin da zan hana ka. Manhajar katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto, ta Intel ko AMD ko Nvidia, tana da wurin da za ka ja hoton ya ƙanƙance har gefuna su dawo. Mutane na son wannan domin nan take layin ƙasa ke bayyana. Amma abin da ya faru shi ne kwamfuta ta matse hoto, talabijin kuma ya sake faɗaɗa shi. An taɓa shi sau biyu ke nan, rubutu ya ƙara lalacewa. Kada ka yi amfani da shi sai idan ka bincike rimot kaf ka tabbatar talabijin ɗin ba shi da hanyar kashe yankan.

Abu na gaba ƙarami ne a ido, amma sau da yawa shi ke warware rabin matsalar a lokaci guda: ka shaida wa talabijin cewa kwamfuta ce a wannan kafa. A Samsung ka danna Source, ka je kan kafar HDMI da ka saka, ka gyara nau'in na'urar ko sunanta zuwa PC. A LG ka shiga jerin kafofin shiga ka canza tambarin kafar zuwa PC. A Sony ka zaɓi yanayin hoto na Graphics ko Game. Wasu tsofaffin talabijin suna da kafa ɗaya da aka rubuta HDMI/DVI ko PC a gefenta, ita za ka yi amfani da ita. Dalilin shi ne, idon mutum ya fi lura da haske a kan launi, saboda haka a harkar bidiyo ana zubar da rabi ko kashi uku cikin huɗu na bayanan launi don rage nauyi. Shi ne lambobin 4:2:2 da 4:2:0 da za ka ci karo da su. Fuskar ɗan wasa ba ta damu da wannan ba. Jan rubutu a kan baƙi ko shuɗi kuwa, sai ya zama kamar an shafa shi da yatsa. Yanayin PC yana sa talabijin ya karɓi launi cikakke, wato 4:4:4, kuma yakan kashe overscan da sauran gyare-gyare da kansa. In kana so ka gwada, rubuta jimla da jan launi a kan shuɗin fili da ƙananan haruffa, ka dube ta kafin ka canza da bayan ka canza.

Daga nan ka sauke Sharpness. Sunan yana yaudara. Ba ya ƙaro wani bayani a hoto, farin layi kawai yake zanawa a gefen kowane baƙin abu don ido ya ɗauka ya yi kaifi. A rubutu wannan farin layin shi ke sa haruffa su yi kamar suna da rawani. Ka rage shi a hankali kana kallon harafi ɗaya, ka tsaya inda farin ya ɓace amma harafin bai yi laushi ba. A wasu talabijin wurin sifili ne, a wasu goma, a wasu kuma tsakiyar ma'auni, don haka idonka ne alƙali. Ka fita daga yanayin Dynamic ko Vivid, ka kashe Noise Reduction da Dynamic Contrast, da mai gyara motsi wanda LG ke kira TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony Motionflow. Ka kuma tabbatar talabijin ba ya kan Store Mode, wanda aka yi don ya ja ido a shago. Idan yana kansa, duk abin da ka saita zai goge bayan ɗan lokaci ya koma yadda yake.

Koɗewar launi kuma rashin fahimtar juna ne tsakanin na'urorin biyu. Kwamfuta na auna haske daga 0 zuwa 255, inda 0 ne baƙi ƙirin, 255 fari fat. Bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235 yake aunawa. Idan kwamfuta ta ga talabijin ne, sau da yawa sai ta aika da ma'aunin bidiyo. In talabijin na jiran cikakken ma'auni, zai ɗauki 16 a matsayin toka-toka, sai baƙi ya zama ruwan toka, komai ya yi fari-fari kamar ana hazo. In aka samu akasin haka, wurare masu duhu su haɗe su zama baƙi ɗaya, layukan Excel masu haske kuma su ɓace a cikin fari. Babu wanda ya fi wani a cikin ma'aunan biyu idan dai ɓangarorin sun yarda da juna, amma ga aikin kwamfuta ka sa duka a cikakke. A manhajar Nvidia sunansa Output dynamic range, ka sa Full. A ta Intel Quantization Range ne, a ta AMD kuma Pixel Format, ka zaɓi RGB cikakke. A talabijin ka nemi HDMI Black Level a Samsung ka sa Normal, ko Black Level a LG ka sa High. Idan bayan wannan launi bai dawo ba, ka duba ko HDR, wato tsarin hoto mai ƙarin haske da launi, na kunne a Display settings. Talabijin mai araha da ke karɓar HDR amma haskensa bai kai ba yakan mai da fuskar Windows kamar tsohon zane. Kashe shi.

Ba ka faɗi ko talabijin ɗinka 4K ne ba, to bari in taɓa wannan. HDMI hawa-hawa ce. Ta 1.4, wadda ta fito a 2009, tana kai 4K amma sau 30 kawai a daƙiƙa. Ta 2.0, ta shekarar 2013, ita ke kai 4K sau 60. Tsofaffin laftof da yawa 1.4 gare su, shi ya sa da an haɗa su da talabijin 4K sai kibiyar linzami ta riƙa jan ƙafa. Idan haka ne, ka sa 1920 da 1080 a kan 60. Wannan girman yana shiga 4K daidai sau huɗu, don haka rubutu ba ya ɓaci sosai, kuma ɗalibin da ke bayan aji zai fi ganinsa. Idan laftof ɗin sabo ne mai 2.0, sai ka buɗe wa kafar talabijin cikakkiyar hanya, domin sau da yawa a rufe take zuwa: HDMI UHD Color ko Input Signal Plus a Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Enhanced format a Sony. A nan ne kaɗai ingancin waya ke shigowa, sai ka nemi mai shaidar Premium High Speed, kuma kada ta wuce mita biyar in ba dole ba.

Ka ce HDMI ka saka, amma ina so ka tabbatar daga kwamfuta har talabijin HDMI ce, babu wani ɗan akwati a tsakiya. Laftof na ofis da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook 840 na farko-farko da ThinkPad T440 da T450, ba su da kafar HDMI. VGA gare su da DisplayPort. Sai mai shago ya ba mutum abin juya VGA zuwa HDMI, shi kuma ya tafi yana cewa ai HDMI yake amfani da ita. VGA fasahar 1987 ce, kuma ba lambobi take aikawa ba, ƙarfin lantarki ne mai hawa da sauka, don haka duk wata hayaniyar wuta tana shiga hoto. Ita ce ke kawo inuwa a gefen haruffa da layuka masu tafiya a allo. Ga gwaji mai sauƙi: cire cajar laftof ka bar shi a kan batir. Idan layukan suka tsaya, caja ce ko wutar janareta ke shigo da dattin. Mafita ita ce ka bar VGA, ka sayi ɗan abin juya DisplayPort zuwa HDMI, wanda ba shi da tsada, hoto ya tafi da lambobi tun daga tushe, sauti ma ya bi. Idan dole sai VGA, ka yi amfani da gajeriyar waya mai kauri, ka danna Auto Adjust a talabijin. Su ma akwatunan raba hoto zuwa talabijin biyu ko uku, masu araha sukan hana kwamfuta sanin girman allon da ke gabanta. Cire su ka gwada kai tsaye kafin ka zargi wani abu.

Idan ka shiga Display settings ka tarar girman da kake nema babu shi a jeri, ko Extend ya ƙi aiki, buɗe Device Manager ka duba Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter na nufin wanda ya sa maka Windows bai sa direban katin hoto ba, wato manhajar da ke tafiyar da katin. Ka sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

Wani abin kuma ba gyara yake so ba, fahimta yake so. Allon laftof mai inci 15.6 da 1920 da 1080 yana da ɗigo kusan 141 a kowane inci. Talabijin mai inci 43 da wannan adadin yana da kusan 51. Idan ka tsaya dab da shi kamar yadda kake zama gaban laftof, dole ka ga ɗigo-ɗigo, ko da komai ya daidaita. Ka ja baya mita biyu, inda ɗalibanka ke zama, daga can za ka yanke hukunci. Don su ji daɗin karatu, ka sa Scale na allon talabijin a 125 ko 150 cikin ɗari, ko ka ƙara girman shafin a cikin Excel ɗin kansa. Wannan yana ƙara girman haruffa ba tare da ya rage tsabtarsu ba, saɓanin rage girman hoton gaba ɗaya. Sannan ka rubuta ClearType, wato saitin gyara tsabtar haruffa, a wurin bincike na Windows, ka bi matakansa kana kallon talabijin, domin jerin launukan ɗigo a wasu talabijin ya saba da na allon kwamfuta.

In kuwa rubutu ya yi tsaf amma bidiyo ne ke fashewa, to ba haɗin ba ne, bidiyon ne. YouTube kan sauke inganci zuwa 360 ko 480 da kansa idan intanet ta yi rauni, fim ɗin da aka turo ta WhatsApp kuma an riga an matse shi don waya. Bidiyon 1080 na son intanet mai gudun kusan megabit biyar a daƙiƙa, kuma yana cin data sosai. Haɗawa ba tare da waya ba, ta maɓallin Windows da K, shi ma matse hoto yake yi kafin ya aika, don haka ga darasin rubutu da lissafi waya ta fi.

Shawara ɗaya ta kare kaya: a gidajen da wayarin ɗinsu ba shi da wayar earth mai kyau, wato wadda ke kai lantarki cikin ƙasa, jikin talabijin da na laftof kan ɗauki ɗan lantarki, kuma cusa HDMI alhali duka suna kunne na iya ƙona kafar. Ka kashe talabijin daga soket kafin ka saka ko ka cire, ka kuma jona su biyun a soket ɗaya.

A yanayinka, zan fara da Extend, in sa 1920 da 1080 a kan 60, in kashe overscan a rimot, in sa wa kafar suna PC, in sauke Sharpness, sannan in daidaita ma'aunin baƙi. Ka riƙa canza abu ɗaya kana duba shafin Excel ɗaya, don ka san wanne ne ya yi aiki. Idan bayan duk wannan rubutun bai gyaru ba, ka ari laftof ɗin wani ka saka a wannan waya da wannan kafa. In nasa ya fito garau, matsalar tana direba ko kafar laftof ɗinka. In shi ma ya yi dishi-dishi, to mai yiwuwa allon talabijin ɗin bai kai abin da aka rubuta a kwalinsa ba, sai ka turo mini lambar samfurin da ke bayansa in duba maka girman da ya dace da shi.